Nazarin Lamari: Golf 3 Da Aka Cire Wa Injekta Aka Ɗora Wa Kafireto A Taura

Motar Golf 3 ce mai dogon baya, ƙirar 1996, da injin lita 1.8 mai lamba ADZ. Mai ita ɗan kasuwar hatsi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura, ya ba ɗan ƙanwarsa yana haya da ita, yana kawo balas duk ƙarshen mako. Aikinta bin kasuwanni: Lahadi Gujungu, Alhamis Maigatari ta Gumel, sauran ranaku kuma Ringim zuwa Kano in lodi ya samu. Fasinja biyu a gaba, huɗu a baya, but ɗin a danƙare da buhuna har sai an ɗaure murfin da igiya. Tsarin da ke tsakaninsu shi ne wanda aka saba a tasha: mai da ƙananan gyare-gyare na direba ne, babban gyara na mai mota.

Ta shigo garejinmu ana tsakiyar bazara, bayan ta bi ta hannun kanikawa biyu. Ni wayarin nake yi, abokin sana'ata shi ke kan inji. Direban ya ce tana shan mai fiye da da, tana zafi in tafiya ta yi nisa, da an yi mata lodi sai ƙarfinta ya mutu, ga warin fetur da ya sa mata ke toshe hanci da mayafi tun daga tasha. Muna ɗaga bonet muka ga kafireto zaune a inda kamfanin Volkswagen bai taɓa sa kafireto ba a wannan injin.

Inda ciwon ya faro

Lafiya lau motar take har hunturun da ya biyo bayan cire tallafin mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka yi sanarwar, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, direban da a da bai damu da allurar mai ba ya koma ƙirga kowace tafiya. Ana cikin wannan hali sanyi ya shigo, motar ta fara baƙin hayaƙi da safe. Fulogai na yin baƙi ƙirin cikin mako guda, silo yana hawa yana sauka, wani lokaci ta mutu da an ɗaga ƙafa daga totur. An canja fulogai, an canja filtar mai, an wanke injekta, shiru.

Bakanike na farko, na tashar garinsu, bai auna komai ba ya yanke hukunci. Ya ce injekta ba ta jure man bumburutu, birenbos ɗin ma, wato kwamfutar injin, ya tsufa, a mayar da ita kafireto kowa ya huta. Ya kuma yi wa Alhaji, mai motar, tayin da ke da wuyar ƙi: zai karɓi kan injektar da za a cire a madadin wani kaso na kuɗin aiki. Direban ya so a kai ta Kano a jona mata na'ura tukuna, amma motar ba tasa ba ce, kuma mai ita kawunsa ne. Iyakar abin da ya ce shi ne, "To Kawu, yadda ka gani."

Ba na cikin masu yi wa wannan shawara dariya. Wanda mota ta mutu masa da magariba tsakanin Gumel da Maigatari, abin da ke hannunsa sifana ne da sukudireba. Kafireto kuwa ko mai gyaran babur ko mai gyaran injin ban-ruwa zai kwance shi, ya hura jet, wato ɗan ramin da mai ke bi, ya mayar. Na'urar bincike sai a birni, sensocin Beljiyam kuma caca ne, ka sayi uku ka dace da ɗaya. Burin mutumin ƙauye na ya mallaki motar da za a iya gyarawa a gindin bishiya buri ne na hankali. Kuskuren yana wajen zaton cewa kafireto shi kaɗai zai ɗauki duk aikin abin da aka cire.

Abin da kwamfutar ke yi a wannan injin

Tsarin man ADZ sunansa Mono-Motronic, na kamfanin Bosch. Injekta ɗaya ce tal, tana zaune a saman bakin totur, tana fesa mai ga silinda huɗu. A ido ya yi kama da kafireto sosai, kuma wannan kamar ce ke yaudarar mutane su ga kamar kwance wannan ne a ɗaura wancan. Ba shi da na'urar auna yawan iska. Kwamfutar tana duba buɗewar totur da gudun inji ta ƙiyasta man da ake bukata, sannan ta gyara lissafin da zafin ruwa, da zafin iska, da abin da sensar salansa ta gaya mata. Manufarta ta riƙe haɗin a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, a ma'aunin nauyi.

Wannan aiki ɗaya ke nan, kuma shi kaɗai kafireto zai iya karɓa. Na biyu shi ne lokacin wuta. Dole fulogi ya kunna kafin fistin ya kai ƙololuwa, saboda fetur yana ɗaukar lokaci kafin ya gama ci. A silo wajen digiri 6 na juyawar inji kafin ƙololuwar ya isa, amma in inji ya ɗau gudu sai wutar ta riga da wajen digiri 30, wani lokaci fiye. A Golf 2 mai kafireto distirbuta ce ke wannan da kanta: akwai 'yan ƙarafa masu sifirin a cikinta da ke buɗewa in gudu ya ƙaru, akwai kuma ɗan gwangwani a gefe da ke aiki da zuƙar iskar manifol, wato bututun da ke kai haɗin mai da iska cikin silinda. Distirbutar ADZ ba ta da ko ɗaya. Sensa ce kawai a ciki mai sanar da kwamfuta inda fistin yake, sauran lissafin na kwamfuta ne.

Na uku shi ne famfon mai. Kwamfuta ce ke ba rilensa umarni, kuma ba ta barin sa ya ci gaba da aiki sai tana jin inji na juyawa. In mota ta faɗi ko inji ya mutu, famfon ya tsaya ko da makulli na kunne. Ba mai lura da wannan aiki sai ranar da aka rasa shi.

Turawan ma ba rana ɗaya suka bar kafireto ba. Dokar hayaƙi ta Turai da ta fara aiki a 1992 ta tilasta sa matatar hayaƙi a salansa, ita kuma ba ta aiki sai haɗin mai da iska ya tsaya daidai, abin da kafireto zalla ba ya iyawa. Kafin nan an yi zamanin kafireto mai kwamfuta. A Amurka, kamfanin General Motors ya baza irinsa a motocinsa na 1981, da wani ɗan bawul a ciki mai bugawa sau 10 a daƙiƙa bisa umarnin kwamfuta, distirbutarsa ma kwamfuta ke sarrafa ta. A Jamus an yi Pierburg 2EE, wanda aka sa wa wasu Golf 2 masu injin 1.6. Na kawo wannan ne saboda irinsa na iya faɗowa hannun mai neman kayan Beljiyam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Wanda ya je neman kafireto don ya rabu da kwamfuta, ya ɗauko mai soket-soket a jiki, ya gudu ne bai tsira ba, domin cok ɗinsa da silonsa ba sa aiki sai da tasa kwamfutar.

Aikin farko da na biyu

Bakanike na farko ya samo kafireton wata motar Japan, aka yanka masa faranti a wajen mai walda, aka ɗaura shi kan manifol ɗin asali. Ya bar kwamfutar a wurinta tana ba da wuta tana tada famfo. Mota ta tashi, aka yi murna, aka biya.

Matsala biyu ya bari a baya. Tsarin asali yana aiki da matsin mai na wajen ba 1 (wato bar, ma'aunin matsi), kuma abin da ke daidaita matsin yana jikin kan injektar da aka cire. Kafireto ba ya son fiye da ba 0.2 zuwa 0.3, don 'yar allurar fulot ce kaɗai ke tare man in kwanonsa ya cika. Famfon tanki ya rinjayi allurar, mai ya riƙa ambaliya cikin manifol. Da aka koma masa, sai ya sa mahaɗa mai baki uku ya mayar da wani kaso tanki, ya matse tiyon da waya yana ragewa yana ƙarawa da ido. A silo sai ta cika, a gudu kuma wani lokaci man ya gaza. Ita kuma kwamfutar, tun da sensar totur ta tafi tare da kan injekta, ba ta san nauyin da inji ke ɗauke da shi ba, sai ta koma kan lissafin ko-ta-kwana wanda aka yi don mota ta lallaɓa zuwa gareji, ba don ta ɗauki buhunan gero ba.

Bakanike na biyu ya ce birenbos ne ke faɗa da kafireto. Maganarsa da ƙamshin gaskiya, maganin ne ya zama gyaran gangar auzinawa. Ya cire kwamfutar ya sayar, ya datse wayoyinta da fulaya a gindin soket, ya samo ɗan akwatin wuta na Golf 2 ya jona shi da distirbutar ADZ. Famfon mai kuma ya haɗa shi dairek da makulli. Daga ranar wutar injin ta tsaya a wuri ɗaya, ko a silo ko a gudu. Ya saita ta yadda mota za ta tashi da sauƙi da safe, wato a kan titi wutar tana makara sosai. Fetur yana ƙarasa ci ne bayan fistin ya yi nisa da sauka, ƙarfin ya tafi a banza, zafin ya bi bawul da salansa da ruwan lagireto. Direban ya ƙara taka totur don ya samu abin da ya saba, mai ya ƙara tafiya. Da ya yi ƙorafi aka murɗa distirbutar gaba, sai ta koma ƙarar fistin in ta ɗau lodi a ƙaramin gudu, da safe kuma tana tokare sitata. Aka mayar da ita inda take.

Abin da muka tarar

Fitilar taimin ce ta fara magana. Mun haska alamar, aka taka totur, alamar ba ta motsa ba. Sandar baƙin mai ta nuna ya haura alamar cika, ya tsinke, yana warin fetur, alhali direban ya ce bai ƙara ko kofi ba. Man da ke ambaliya ne yake wanke bangon silinda yana gangarawa ƙasa. A bakin kafireton wani ɗan soso ne aka ɗaure da waya a madadin gidan filtar iska, a ƙasar da ƙurar hunturu ke shiga har cikin kwanon tuwo. Tiyon da ke zuwa daga gwangwanin tururin mai an bar shi a buɗe, shi ne rabin warin da fasinja ke ji. Jet ɗin kuma an faɗaɗa shi da allura.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne famfon. Mun kashe inji muka bar makulli a kunne, yana ta aiki. Motar da ke ɗaukar mutum bakwai, wani lokaci da jarkar mai a but, in ta kife tiyo ya tsinke, famfon zai ci gaba da watsa fetur kan salansa mai zafi har sai wani ya tuna da makulli. Ko da Alhaji ya ce ba zai gyara komai ba, da ba mu bar ta ta fita da wannan haɗin ba.

Daga nan muka koma neman ciwon asali, duk da an riga an binne shi. Sensar zafin ruwa tana nan a mazauninta, ba wanda ya taɓa ta. Mai ƙafa huɗu ce, sensa biyu a jiki ɗaya: rabi na allurar dashbod, rabi na kwamfuta. Lafiyayyiya tana nuna wajen om 2,500 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki) a zafin digiri 20, ta sauko wajen 300 a digiri 80. Wannan, da inji da zafinsa, ɓangaren kwamfutar bai sauko ƙasa da 2,000 ba, soket ɗin kuma ya yi kore da tsatsa. Da a ce wayar tsinkewa ta yi gaba ɗaya, da kwamfutar ta gane ta koma kan wani adadi na madadi. Amma sensar ba ta mutu ba, ƙarya take yi, kwamfutar kuma ta gaskata ta, ta riƙa zuba man inji mai sanyi daga safe har dare.

Tamostat babu, an cire tun zuwan motar ƙasar nan, fanka kuma an haɗa ta dairek, kamar yadda ake yi wa kusan kowace 'yar Kwatano da sunan wai an ƙera ta ne don ƙasar sanyi. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa ne wajen digiri 87, don inji ya zauna kusa da 90, kuma a nan ne yake shan mai kaɗan. In babu shi, da asubar hunturu a kan titin Gujungu inji ba ya kai zafin aikinsa. A cikin wani buhu a but muka samu robar da kan injekta ke zama a kanta. Muna lanƙwasa ta tsaga ta buɗe. Ta nan iska ke satar shiga, silo ke hawa da sauka. Wannan robar sananniyar matsala ce a wannan tsarin, duk wanda ya daɗe yana taɓa Golf ya san ta.

Sensa ɗaya, tamostat ɗaya, roba ɗaya. Kuɗinsu a haɗe bai kai na kafireton da aka saya ba, balle walda da aiki biyu.

Shawarar da aka yanke

Hanya biyu muka shimfiɗa wa Alhaji. Ta farko a mayar da ita injekta, kuma ita na fi so. Sai dai an riga an ƙona gadar. Kan injekta ya tafi, kwamfuta ta tafi, wayoyi an datse su inda ɗinki ba zai yi kyau ba. Ga shi motar ta 1996 ce, tana da makulli mai ƙwayar tsaro, don haka ba kowace kwamfuta za a ɗauko a jona ba. Sai an samu saiti guda: kwamfutar, da akwatin tsaron, da ƙwayar makullin da suka san juna, ko a nemo mai na'urar da zai daidaita su. Da aka tambayo farashi a Kano, Alhaji ya ce kuɗinsa na cikin hatsi, ba zai fasa rumbu yanzu ba alhali farashi bai gama tashi ba.

A nan ne tsarin balas ya nuna kansa. Duk abin da za a kashe a gareji daga aljihun Alhaji zai fita, duk abin da za a rage a gidan mai kuma aljihun direba zai shiga. Mai yanke hukunci ba shi ke sayen mai ba, mai sayen mai kuma ba ya iya ɗaga murya gaban kawunsa. Tun a shawarar farko haka aka yi, bakaniken ma yana da nasa rabon a kayan da aka cire. Na faɗa wa Alhaji a gaban yaron cewa in za a bar ta a kafireto, adalci shi ne a sake duba balas. Ya yi shiru, daga baya ya rage masa wani abu a ranakun da ba kasuwa.

Sai muka bi hanya ta biyu, wato a ƙarasa juyin da aka faro yadda ya kamata. An samo distirbutar Golf 2 mai kafireto. Kafin a biya, abokin aikina ya murɗa rotar da hannu ya ga sifirin na dawo da ita, ya zuƙi tiyon gwangwanin da baki ya ga farantin ciki ya motsa kuma ya riƙe, domin da yawansu robar ciki ta fashe. Aka haɗa ta da akwatin wutar da kwayil ɗin da ya dace da shi, aka ɗaure akwatin kan farantin alminiyom don kada zafi ya kashe shi, aka saita taimin da fitila ba da kunne ba. An zare famfon tanki aka sa bututu a gurbinsa, aka ɗaura ƙaramin famfo mai ƙarancin matsi kusa da tanki. Na ba shi wuta ta irin rilen nan mai jin bugun kwayil, wanda ake samu a tsofaffin Golf da Audi masu injekta, yadda in inji ya tsaya shi ma zai tsaya. Sabuwar allurar fulot, jet da ba a taɓa ba, gidan filtar iska na gaske, tamostat, fanka ta koma kan sensarta, aka toshe tiyoyin da ke buɗe, aka juye baƙin mai da filtarsa.

Direban ya yi gardama a kan tamostat, ya ce ana bazara za a sa wa mota abin riƙe zafi. Sai da ya je Maigatari ya dawo da cikakken lodi allura ba ta wuce tsakiya ba sannan ya bar maganar.

Ƙarfinta ya dawo, warin ya tafi, shan mai ya ragu sosai a kan yadda ta zo mana. Amma bai koma yadda direban ya san ta kafin hunturun ba, kuma mun gaya masa kada ya sa rai. Jet rami ne mai girma ɗaya, bai san sanyin Janairu ba, bai san zafin Afrilu ba, ba ya kuma yanke mai in an saki totur a gangara kamar yadda kwamfuta ke yi. Da safe sai ya ja cok ya jira ta ɗumama.

Wannan ma don an yi sa'ar inji ne. ADZ ɗan gidan su injin Golf 2 ne, shi ya sa distirbutar ta zauna ba tare da an sassaƙa komai ba. Motoci masu injekta huɗu famfonsu na aiki da wajen ba 3, irin su Peugeot 406 kuma ba su da distirbuta sam, kwamfuta ce ke kunna kwayil kai tsaye. Mai giyar otomatik ta fi muni, don kwamfutar giya na jiran siginar totur kafin ta canja. Wanda duk ya dage sai ya juya tasa, abin da nake roƙo shi ne kada a datse waya ko ɗaya, a zare soket a naɗe shi da leda, kayan da aka cire kuma su koma gidan mai mota, kada a ba da su a bakin kuɗin aiki.

Saura ɓarnar da ba ta gyaruwa da saiti. Watannin da ta yi fetur na wanke silinda, ƙura kuma na shiga ta soso, sun ci ringi. Da muka auna matsin silinda, ta uku ta gaza sauran, aka ɗiga mata baƙin mai ta ramin fulogi matsin ya tashi, alamar ringi ne ba bawul ba. Tana ɗan shuɗin hayaƙi in ta daɗe a silo. Mun ce wa direban ya riƙa duba sandar mai kowace safiya kafin ya yi lodi, Alhaji kuma ya amince a sauke injin bayan kaka.